Gilashin Injin Abdulsalami

Abdulsalami ya ɗaga farantin tagullar nan karo na uku, ya kawo shi dab da hanci, ya ja tsaki. Sunan ango da amarya ne injin leza, mai zane da haske, ya zana, amma haruffan tsakiya sun dagule, kamar an goga musu yatsa mai maiƙo. Kwana goma ke nan ana haka.

Shi fa ba baƙon aikin nan ba ne. Shekara shida shagonsa na Wunti yana zana sunaye a kofuna da zobba da allunan ofis. Ƙananan madubai biyu ne ke wurga hasken, gilashi ɗaya ya tattara shi ya zama ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. In ɗigon ya baje, to gilashin ne. Kuma in ban da shi, mutum ɗaya ke da makullin shagon: Ja'afaru, ma'aikacinsa, wanda suka tashi tare a Ƙofar Ran.

Abin ya ci masa rai, don yana son mutumin. Amma sau biyu yana hango shi suna hira da mai sabon shagon leza na tsallaken titi. Da ya nuna masa farantin kuwa, ko kunya babu, Ja'afaru ya ce shi bai ga wata matsala ba. To, da zai ce ya gani ne? An cire gilashin asali an saka jabu, magana ta ƙare. Ya ƙudura ranar Asabar zai karɓe makullinsa, amma sai da hujja a hannu.

Ya kira Dorcas, injiniyar da ta haɗa masa injin tun farko. Ta zo da 'yar na'urar awon haske, ta rage ƙarfin lezar, ta saka tabarau na kariya, ta miƙa masa ɗaya. Ya ture. Shi tabarau duhu yake sa masa, ya saba sunkuyawa ya ga aiki yana fita da idonsa. Ta ce to sai dai ya koma bakin ƙofa. Ja'afaru na gefe, nasa tabaran a fuska.

Ta auna ɗigon a tsakiyar teburi, ta bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta sake maimaitawa. Kowane awo ya fito a kwamfutarta da'ira cif, faɗinsa daidai da na ranar da ta haɗa injin. Ta ce gilashin na asali ne, ga lambarsa ma a jiki.

Abdulsalami ya leƙa kwamfutar, ya ga da'irar da dishi-dishi a cikinta ƙiri-ƙiri. Ashe har da ita aka haɗa baki! Ya ce Ja'afaru ya ajiye makulli yanzun nan, ba sai Asabar ba.

Ja'afaru ya ajiye, idonsa ya kawo ruwa. Dorcas ta daɗe tana kallon Abdulsalami, tana lura da yadda yake karkata kai in zai duba abu.

"Alhaji, rufe idonka na hagu," ta ce a hankali. "Dubi Ja'afaru."

Ya rufe, don dai ya ƙaryata ta. Ga hula, ga kafaɗu, ga hannun da ya ajiye makulli, amma inda fuskar Ja'afaru take, babu komai sai dishi-dishin nan da yake gani a farantin. Ashe ba gilashin injin ba ne, hasken lezar ne ya taɓa masa ido.