Ranar da Malam Ya Rubuta Maganar Kakata

Ina aji biyu a elementare ta Boɗinga, zamanin Turawa, wata rana bayan azahar malaminmu ya rufe littafin tarihi ya ce mu biyo shi. Muka fita da gudu muna ihu, domin ba a taɓa fitar da mu daga aji ba.

Ya tsayar da mu a wani dogon tudu bayan gari, inda muke wasan zamiya kullum. A gindinsa kakata take zaune da faifan daddawarta. Kunya ta kama ni, don yara suna yi mini tsiya da warin daddawa.

Sai Malam ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, gaya muna, mine ne wanga tudu?"

Ta dubi alƙalaminsa da zargi. "Nasara za ka kai ma maganata?"

"A'a, jikokinki zan karanta ma."

Na ɗauka za ta ƙi. Sannan ta dafa ƙasar. "Ganuwa ce. Nan ƙohwa take. Ina yarinya mahara sunka biyo mu daga gona, ni anka jawo ƙarshe kahin a ruhe."

"Sannu-sannu, Inna, in rubuta," in ji Malam.

Maganar kakata a cikin littafi! Na dinga jan rigar na kusa da ni ina cewa, "Kakata ce! Wallahi kakata ce!"

Yanzu na girme ta a shekaru, amma in na tuna, har yau sai in ji kamar in sake cewa, "Kakata ce!"