Wanzamin da Ya Ɓoye Ruwan Gishiri da Sukari

Kai da kake ganin abin da ka sani kai kaɗai ka san shi, gyara zama ka ji misalin wani wanzami.

A shekarar da annobar amai da gudawa ta ratsa ƙasashe, akwai wani wanzami a wani gari na bakin iyaka, inda manyan motoci ke yada zango. Gadon gidansu aska da ƙaho da magani, kuma a gidan nan ba a ba da ilimi da ƙarfin murya. Ubansa a kunne ya raɗa masa duk laƙanin da ya sani, shi ma sai da ya ga ƙasa na kiransa. Don haka mutumin ya tashi da imanin cewa maganar da aka zuba maka a kunne taka ce kai kaɗai. Wata rana ya gama yi wa wani malamin asibiti aski, sai malamin ya karɓi wayarsa ya buɗe masa bidiyon wani darasin kiwon lafiya da likitoci suka ɗora a intanet kyauta, ya soka masa igiyar sauraro a kunne, ya wuce aiki da sauri. Wanzami ya ji murya tana yi masa Hausa tiryan-tiryan cikin kunne: yadda ake tafasa ruwan sha, yadda ake wanke hannu da sabulu, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a ba wanda cutar ta kama kafin a kai shi asibiti. Murna ta kusa kashe shi. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tura wayar can ƙasan zabira.

Daga ranar bakinsa ya yi nauyi. Sai ya kulle ɗaki yake haɗa ruwan, ya ɗura a goran duma don ya yi kama da na kaka da kakanni, ya fito yana motsa leɓe. In aka tambaye shi me ke ciki, sai ya shafa gemu ya dubi sama. Matarsa ma, da suka tsufa tare, in ta doso ƙofar sai ya yi gyaran murya. Har ya fara tunanin wane ɗa zai raɗa wa in ajali ya zo, ya auna su kaf ya ga babu mai riƙe baki. Batun wanke hannu kuwa bai ba shi daraja ba, don a ganinsa abin da ake yi a bainar jama'a ba ilimi ba ne. Ta nan cutar ta same shi, bayan wani ɗanwake da ya kwasa a tasha.

Ya kwanta, gora babu ko ɗigo, ƙafafu sun ƙi kai shi ɗakin asiri. Tun safe matar ke miƙo masa wani kofi yana turewa, don a ganinsa, me mace ta sani in ba jiƙe-jiƙe ba? Haka ya wuni tsakanin buta da tabarma yana ciniki da ransa: ya faɗa ya rasa asiri, ko ya yi shiru ya rasa rai. Da la'asar idanu suka faɗa, harshe ya bushe, tsoron mutuwa ya kama shi da gaske. Ya yafito matar, ya sa ta saki labule, ta rantse, ta kawo kunne. Ya fara raɗa mata awon gishirin yana hawayen baƙin ciki. Bai kai ga sukari ba ta ƙarasa masa.

"Maigida, ai shi ne a kofin nan da kake turewa tun safe," in ji ta. "Mai kawo mana nono ce ta koya min, ita kuma da Fulatanci ta ji a wayar mijinta. Sha, don Allah, mota na jira."

Ya sha, ya ji har ya fi nasa daidaita. Direban da ya ɗauke su Bazabarme ne, ga darasin nan yana tashi a rediyon motarsa da Zabarmanci, gilasai a buɗe, duk titi na ji. A asibiti Bayarabiyar da ke jinyar mijinta a gadon kusa tana kallon nata darasin a waya da Yarbanci, kofi da cokalin da ke hoton sak irin na wayarsa. Malamin da ya yi wa aski yana ɗaura masa ruwa yana ba shi labarin cewa har ƙetaren teku ana sauraro, kowa da harshen uwarsa. Wanzami ya juya kai bango. Da ya ɗan samu ƙarfi, ya tambayi matar a hankali, to in kowa ya sani, me ke kawo mutane wurinsa karɓar ruwan gora?

"Ganin girmanka ne," in ji ta, tana gyara masa matashi. "Sun ce a bar dattijo da abinsa, tunda abin da ke ciki ba ya cutarwa."

Ciwo ya sake shi, ya koma gida da ƙafafunsa, amma kunya ta daɗe ba ta sake shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, in rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta.