Alhaji Nagoggo Ya Shiga Aji

Alhaji Nagoggo ya sauka daga babur a Mai'adua yana ta waige-waige.

Masu sayen atamfa sun rage tsayawa a shagonsa, ga shi ya ji ana koya wa 'yan kasuwa tallar kaya ta waya. Akwai irin ajin a garinsu Daura, amma ya zaɓi na nesa, don kada 'yan layinsu su gan shi a benci da furfurarsa.

Da ya isa ƙofar ajin, ya yi sallama a hankali, ya ɗaga labule.

Rabin 'yan layinsu ne zaune, kowa riƙe da waya. Duk suka ɗago suka dube shi. Can Abbas mai takalma ya fashe da dariya, ya matsa masa wuri.

"Bismillah, Alhaji. Wallahi mu ma don kada ka gan mu muka taho nan."