Ruwan da Baba ya bari ya shigo

Shekarar da gero ya ƙone a Tirmini, wata la'asar ina wasan noma a kwamfutar Baba. Ƙawata ta ba ni manhajar maguɗi mai saukar da ruwa a wasan, amma antibirus, mai tsaron kwamfutar, ya tare ta da jan gargaɗi.

"Baba, ka ce masa ya ƙyale ta mana."

Ya daɗe yana kallon busasshiyar gonata a allo. "To, uwata. Ko a nan ne mu ga ruwa."

Ya cire ta daga bincike. Ruwa ya sauko a wasan, muka zauna muna sauraro.

Cutar kwamfuta da ta biyo ruwan ta cinye hotunan marigayiya mahaifiyata duka. Har yau, idan hadari ya taso, nakan nemi fuskarta in rasa.