Fito a Dajin Salaga

Ya saita bindiga a kan gada ke nan, sai ya ji fito a bayansa, irin wanda abokin farautarsa kan yi idan yana nufin a dakata. Amma abokin ya rasu bara a Bawku, harsashin rikicin da ba nasa ba ya same shi.

Ya sauke bindigar, gada ta shige ciyawa.

Tun daga ranar kullum sai ya shiga dajin Salaga, ya dawo da buhu wayam, fuska a sake.

"Maigida, yara sun manta ɗanɗanon nama," in ji matarsa. "A zango cewa ake idonka ya mutu."

"Idona lafiya lau. Ƙarar bindiga ce ƙarshen abin da ya ji a duniya, ba zan sake jiyar da shi ba."

"Wa?"

Ya ajiye buhun, ya shige ɗaki.

Da hantsi ya bi sawun barewa har gindin wata kaɗanya, ya zauna ya fasa goro. Babu ko iska, amma ciyawar gefensa ta kwanta a hankali, daidai faɗin zaman mutum. Ya matsa, ya bar wa abokin inuwa.