Abin da Ta Baro a Gwadangaji

Wannan karon manhajar da ta rubuta wa mahaifinta ta buɗe.

Makon jiya, a kan tsohuwar kwamfutarsa a Argungu, kunya ta ba ta, ta ƙi buɗewa: wai ba a ga laburare ba. Ashe laburaren, wato ƙunshin umarnin kwamfuta da ta gina da hannunta, ruhin aikin, yana can cikin tata kwamfutar a Gwadangaji. Ta koma da hawaye, ta ɗinke shi cikin manhajar, yadda duk inda za ta, tare za su.

"Baba, rubuta abin da kake so."

Tsohon malamin makarantar, wanda aikin maƙogwaro ya raba da magana tun bara, ya lalubi haruffa da yatsa ɗaya, ya danna.

Muryar da 'yar ta tsinto daga kaset-kaset na darussansa ta cika gidan, tasa sak, har da ɗan kaushinta:

"Mi kinka dahwa muna yau?"

"Tuwon shinkahwa, Malam," matarsa Inna ta amsa daga madafa, kamar yadda ta saba a da.

Sai aka ji ludayi ya faɗi. Ta fito ba takalmi, tana rangaɗa guɗa.