Ragon Sunan da Ya Riga Jinjiri

Tun da Huraira ta yi ɓari ta ƙi barin gidansu na Gyadi-Gyadi. Mijinta Misbahu, sarkin barkwanci, ya same ta a soro.

"Hajjaju, soja ma sun koma bariki, ke yaushe za ki koma ɗakinki a Tarauni?"

Ko murmushi ba ta yi ba. "Ciki bai fito ba ka sayo ragon suna. In ya yi kuka, jinjiri nake ji."

Ya bar wasan. "Gobe zan sayar."

"Kowa cewa yake ruwa ne ya zube, tulu na nan. Kai ma mantawa za ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "To, mu yanka ragon, mu yi wa jinjirin sadaka."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta jawo mayafinta.

"Mu je. A hanya ka gaya min sunan da ka tanadar masa."